Ɗana ya yi suna a talabijin yana ƙarami, yanzu ya girma an daina kiransa: ina mafita?

Tambaya: Ɗana ya fara fitowa a wani shirin talabijin mai dogon zango yana ɗan shekara bakwai. Shekara shida ana yi da shi, har ta kai ba ma shiga taro sai an tare mu ana kiransa da sunan da yake amsawa a shirin. Yanzu shekararsa goma sha biyar. Ya yi tsawo, muryarsa ta buɗe, kuma rabon da a kira shi aiki an fi shekara guda. Sau huɗu yana zuwa tantancewa ba a ɗauke shi ba. Wani ya ba mu shawara ya karɓi rawar ɗan daba mai shaye-shaye a wani fim, wai don mutane su daina yi masa kallon yaro. Ya shiga damuwa sosai, ni ma haka. Ko dai basirarsa ce ta ƙare? Me ya kamata mu yi?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya shi ya yi masa albarka. Na daɗe ina horar da yara da matasa masu wasan kwaikwayo, na kuma sha zama a teburin masu tantancewa, don haka halin da kike ciki ba baƙo ba ne a wurina. Bari in fara kwantar miki da hankali a kan tambayarki ta ƙarshe. Basirarsa tana nan. Abin da ya ƙare shi ne aikin da aka ɗauke shi ya yi yana ɗan shekara bakwai. Aikin da yake nema yanzu wani ne daban, duk da sunansu ɗaya, kuma bai riga ya koye shi ba. Idan kuka fahimci wannan ke da shi, rabin damuwar za ta tafi.

Ki tuna yadda ake ɗaukar yaro a gaban kyamara, tunda kin sha tsayawa a gefe kina kallo. Darakta yakan tsuguna kusa da kyamara daidai tsawon yaron, ya faɗi maganar da irin sautin da yake so, yaron ya maimaita. In ana son ya yi mamaki, sai a ɓoye masa wani abu a fito da shi ba zato. In ana son dariya, wani ya tsaya a bayan mai kyamara yana yi masa gwalo. A ɗauka sau goma, sau goma sha biyar, sannan mai tace hoto ya zauna ya tsinto daƙiƙa uku daga nan, biyu daga can, ya haɗa su su zama wasa mai ratsa zuciya. Ban faɗi haka don in rage wa yaron daraja ba. Ba kowane yaro ne zai tsaya cikin fitilu da mutum talatin a kansa ya saki jiki ba, wannan baiwa ce daga Allah. Sai dai abin da aka saya a wurinsa shi ne shi kansa: idanunsa, ƙaramar muryarsa, da rashin sanin cewa ana kallonsa. Babban ɗan wasa kuwa ana miƙa masa takarda ne a ce ga mutum, ka gina shi. Shi zai gano me mutumin yake so, me yake ɓoyewa, me ya sa ya faɗi wannan maganar ya haɗiye waccan. Ba wanda zai tsuguna ya karanta masa.

Akwai wani yaro da ya zo gabanmu tantancewa, sa'an ɗanki ne, shi ma ya yi tashe yana ƙarami. Muka ba shi shafi biyu: saurayi ne yake gaya wa mahaifinsa cewa ya bar makaranta. Ya haddace tsaf, bai yi tuntuɓe da kalma ko ɗaya ba. Amma duk inda ya kai ƙarshen magana sai ya karkata kai gefe, ya ɗaga gira, ya zaro ido, irin abin da yake yi yana ɗan shekara takwas jama'a su kwashe da dariya. Kuma da zarar ya rufe baki sai idonsa ya bar abokin wasansa ya dawo kanmu, yana neman a gyaɗa masa kai. Na ce ya sake, amma wannan karon kada ya yi komai, ya saurari abin da uban yake faɗa kawai. Ya tsaya hannuwansa suna rawa, bai san inda zai ajiye su ba. Shekara bakwai yana aiki, ba a taɓa neman ya saurara ba, jira kawai yake yi layinsa ya zo. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, domin ba laifinsa ba ne. Abin da aka yi ta yaba masa ke nan, shi ya kawo mana. Ina kyautata zaton a tantancewa huɗun da ɗanki ya je, wani abu mai kama da wannan ya faru.

Amma ko da ya fi kowa iyawa, shekarun da yake ciki su ne mafi ƙarancin aiki a rayuwar ɗan wasa, kuma dalilan ba su shafe shi ba. Na farko jiki ne. Tsakanin goma sha uku da goma sha bakwai yaro yana sauyawa cikin watanni: tsawo, faɗin kafaɗa, ƙurajen fuska, murya mai hawa da sauka. Fim kuwa ba a jere ake ɗaukarsa ba. Ana iya ɗaukar ƙarshen labari yau, a ɗauki farkonsa bayan wata huɗu, a sake kiran ɗan wasa bayan wasu watanni ya maimaita wasu maganganu a ɗakin ɗaukar murya. Furodusa yana tsoron ya fara da yaro ya ƙare da saurayi.

Na biyu doka ce da kuɗi. A ƙasashen da sana'ar ta kafu, akwai iyaka ga awannin da wanda bai kai goma sha takwas ba zai yi aiki. Ɗauki jihar Kalifoniya ta Amurka, inda Hollywood take. Yaron da ke tsakanin shekara 9 da 15, a ranar makaranta, awa 9 aka yarda ya yi a wurin ɗaukar fim, kuma a ciki awa 5 ne kawai na aiki, awa 3 na karatu ne da malamin da kamfani zai biya, ragowar awa 1 ta hutu. Dole kuma mahaifi ko mai kula da shi ya kasance a kusa. In labari yana buƙatar ɗan shekara takwas, furodusa ba shi da zaɓi, sai ya haƙura da wannan duka, domin babba ba zai fito a ɗan shekara takwas ba. In kuwa ɗan shekara goma sha shida ake so, sai ya nemo ɗan ashirin mai ƙaramar fuska, wanda zai yi awa goma sha biyu ba malami ba uwa. Shi ya sa yawancin 'yan sakandaren da kike gani a finafinai sun haura ashirin. Wato ɗanki yana takara ne da mutanen da suka girme shi da shekara biyar zuwa goma, a kan rawar da ta dace da shekarunsa shi.

Sai kuma na uku, wanda kika riga kika gani da idonki: mutane suna kiransa da sunan yaron cikin shirin. Mai kallo yana ƙaunar wancan yaron, kuma ba ya son a ƙwace masa shi. Shirley Temple, wadda aka haifa a 1928, ita ce ta fi kowane ɗan wasa jawo 'yan kallo a Amurka shekara huɗu a jere, daga 1935 zuwa 1938, tana yarinya ƙarama. Da ta zama budurwa ta ci gaba da fitowa, wasanta bai lalace ba, amma jama'a ba ita suke nema ba, yarinyar nan mai nannaɗaɗɗen gashi suke nema. A 1950, tana da shekara 22, ta ajiye fim.

To, mu zo kan shawarar da aka ba ku. Na san daga inda ta fito. Ana yawan cewa tauraron yara sai ya yi wani abu mai girgiza mutane kafin a yarda ya girma, kuma ana kafa hujja da mutane na gaske. Amma a duba su da kyau. Zendaya ta fara da shirye-shiryen yara na tashar Disney a 2010. Rawar yarinya mai fama da shaye-shaye da ta sauya mata suna, har ta ci Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, a 2020, ta fara ta ne a 2019, tana da shekara 22, tana fitowa a matsayin 'yar shekara 17. Daniel Radcliffe, wanda duniya ta sani da Harry Potter daga 2001 zuwa 2011, ya hau dandamali a Landan a 2007 yana da shekara 17, a wani wasan daɓe mai nauyi da ya jawo surutu. Abin da masu ba da labarin suke tsallakewa shi ne irin wurin da ya zaɓa. Dandamali ne, inda ba mai tace hoto, ba a cewa a sake, kullum dare sai ka ɗauki wasan daga farko har ƙarshe a gaban mutane masu rai. Dandamalin ya zame masa makaranta. Kuma bai tsaya a nan ba, ya yi ta komawa dandamali shekara da shekaru, sai a 2024 ya karɓi Tony, babbar kyautar wasan daɓe ta Amurka. Shekara goma sha bakwai ke nan tsakani. Surutun 2007 ya wuce cikin watanni, horon ne ya zauna.

Za a iya ce miki ai Jodie Foster ta fito a wani matsayi mai tsanani a wani fim na 1976 tana 'yar shekara goma sha biyu lokacin ɗauka, har aka sa ta cikin masu takarar Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka. Haka ne. Amma kafin a bar ta ta yi, sai da likitan ƙwaƙwalwa ya gana da ita, kuma yayarta ce ta tsaya a madadinta a wuraren da ba su dace da yarinya ba. Ki tambayi wanda ya kawo muku wannan tayin ko ya tanadi kwatankwacin haka.

Ra'ayina a fili: kada ya karɓa. Ba don rawar mugu haramun ce ga ɗan wasa ba, wata rana zai yi ta, kuma mai yiwuwa ita ce za ta fito da shi. Dalilina shi ne, wanda yake son sa a wannan fim yanzu, tsohon sunansa yake son saya, don a ce ku zo ku ga yaron nan ya lalace. Da an gama kallo an gama da shi. Ga shi kuma bai mallaki kayan aikin da zai riƙe irin wannan rawar ba tukuna, zai yi ta ne da zare ido da ɗaga murya, masu tantancewa su gani su ƙara tabbatar da abin da suke zato. Sannan yaro mai shekara goma sha biyar da yake cikin damuwa, ba lokacin da za a sa shi ya yi makonni yana kwaikwayon maye ba ne. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowa kuwa sai an sha wuya, balle a zamanin da hoto in ya hau intanet ba ya sauka.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, wannan shirun da kuke gani kamar musiba, shi ne damar da yake da ita. Mutane suna buƙatar su ɗan manta da fuskarsa, shi kuma yana buƙatar wurin da zai yi kuskure ba a gaban miliyoyi ba. Jodie Foster ɗin nan, tana tsakiyar suna ta tafi jami'ar Yale ta karanta adabi, ta gama a 1985, sannan ta dawo ta ci Oscar sau biyu, a 1989 da 1992. Natalie Portman ta fara fim a 1994, ta je Harvard ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ta gama a 2003. A Indiya, Kamal Haasan ya fito a fim ɗinsa na farko a 1960 yana ɗan yaro, har ya samu lambar yabo ta shugaban ƙasa. Bayan finafinan yarinta sai ya koma ƙungiyar wasan daɓe, ya koyi rawa, ya yi aiki a bayan kyamara a matsayin mataimakin mai tsara rawa, kafin ya dawo da ƙananan fitowa a farkon shekarun 1970, daga nan ya zama jarumin da aka sani. Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Ke Huy Quan. Ya yi manyan finafinai biyu a 1984 da 1985 yana yaro. Da ya girma aiki ya ƙafe, sai ya karanci harkar fim a jami'a, ya koma tsara faɗan cikin fim da taimaka wa darakta. Kusan shekara ashirin ba a ganin fuskarsa. Ya dawo, ya ci Oscar a 2023 yana da shekara 51. Ba ina cewa ɗanki zai jira haka ba. Ina nuna miki ne cewa shekara ɗaya ba kira ba komai ba ce a ma'aunin wannan sana'a.

Me zai yi a cikin shirun? Karatunsa na makaranta shi ne kan gaba, kuma ba don ya zama madogara in fim ya ƙi kawai ba. Babban ɗan wasa da karatu yake aiki: ya karanta labari ya gane abin da ke ƙarƙashin magana. Bayan haka ki nema masa ajin koyon wasa ko ƙungiyar wasan daɓe inda malamin ba zai ji nauyin sunansa ba, inda za a ba shi rawar mai gadi mai layi biyu, ya share dandamali tare da kowa. Wannan yakan yi wa irinsu zafi da farko. Yaron da aka saba kawo wa kujera da lema, yau an ce ya jira a layi. Ki bar shi ya ji zafin, magani ne. Muryar nan da ta buɗe kuma sabon kayan aiki ce da bai saba da shi ba. Ya riƙa karatu da ƙarfi kullum, minti goma sha biyar ma ya isa, yana ɗaukar kansa a waya yana saurare, har ya daina ƙoƙarin komawa da ita sama inda take da. Kada a matsa mata da ihu a wannan lokaci, tana kan zama ne.

In aiki ya zo, ku auna shi da tambaya ɗaya: wa zai tsaya kusa da shi a gaban kyamara? Ƙaramar rawa a gefen gogaggun 'yan wasa ta fi masa jarumta a fim ɗin da aka gina a kan tsohon sunansa. Ki dubi 'yan gida ɗaya, Macaulay Culkin da ƙanensa Kieran. Macaulay ya zama yaron da ya fi kowane yaro suna a duniya saboda wani fim da ya yi a 1990, ya dakatar da fim a 1994 yana da shekara 14. Kieran ya fito a wancan fim ɗin na 1990 a wata 'yar ƙaramar rawa, ba wanda ya ɗora masa nauyin komai. Ya yi ta tafiya a hankali, ƙananan finafinai da wasan daɓe, har ya ci Emmy a 2024 da Oscar a 2025. Rashin zama tauraro da wuri ya ba shi sararin koyo. Ɗanki bai samu wannan sararin ba a baya, yanzu ne zai same shi. Ku kuma sabunta hotunan da ake tura wa masu tantancewa, a cire duk wani na yarinta, a daina buɗe takardarsa da sunan tsohon shirin. Kada ku rufe ƙofar bayan kyamara ma. Ron Howard ya yi shekara takwas yana fitowa a shirin talabijin yana yaro, daga 1960 zuwa 1968, ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko a 1977, ya ci Oscar na darakta a 2002. Yaron da ya tashi a wurin ɗaukar fim ya san abubuwa da yawa da bai san ya sani ba.

Akwai maganar da take da nauyin faɗa, amma ba zan tsallake ta ba: kuɗin da ya samu. Jackie Coogan ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921 yana ɗan yaro, ya tara miliyoyin daloli. Da ya kai shekara 21 ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun kashe kusan duka. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bai wuce dala dubu 126 ba. Dalilinsa Kalifoniya ta yi doka a 1939, wadda ake kira da sunansa, kuma bayan gyaran da ya fara aiki a 2000, dole a ware kashi 15 cikin 100 na abin da yaro ya samu a asusun da ba mai taɓawa sai ya kai goma sha takwas. Ba zarginki nake ba, Hajiya, wasiƙarki ta uwa ce mai kula. Abin da nake nufi shi ne, in gida ya saba da kuɗin da yake shigowa ta hannunsa, yaro yana ji a jikinsa ko ba a faɗa masa ba, sai ya ɗauki rashin kiran nan a matsayin ya kasa ciyar da ku. In akwai abin da aka ajiye, ki zaunar da shi ki nuna masa lissafin. In babu, ki gaya masa gaskiya. Sannan ki faɗa masa da bakinki cewa ɗaukar nauyin gida ba aikinsa ba ne.

Ke ma akwai sauyin da ke jiranki. Shekara shida ke ce mai riƙe masa jaka, mai karɓar waya, mai cewa e ko a'a. Daga yanzu ki fara ja da baya kaɗan-kaɗan. Ki raka shi tantancewa, tunda har yanzu yaro ne kuma bai kamata a bar shi shi kaɗai da baƙi ba, amma in ya fito kada ki tare shi da yaya aka yi. Ki bari shi ya kawo zancen. Kwantiragi kuwa, duk wanda za a sa wa hannu, a kai wa lauya ya karanta, musamman mai ɗaure shi shekaru masu yawa.

Damuwar da kika ce ya shiga kada a raina ta. Tun yana ɗan shekara bakwai manya suke tafa masa, a ransa ya haɗa ƙauna da tafi, yanzu tafin ya tsaya. Radcliffe da kansa ya faɗa a fili cewa ya faɗa shan giya a ƙarshen shekarun Harry Potter kafin ya daina, Drew Barrymore kuwa, wadda ita ma ta yi suna a fim tana ƙarama, tana da shekara 13 aka kai ta gidan gyaran masu shaye-shaye. Ki sa ido a kan barcinsa da cin abincinsa, da sababbin abokai, da yawan zama yana karanta abin da ake rubutawa a kansa a intanet. In ya ƙaurace wa mutane na makonni, ko ya fara maganar cewa ba shi da amfani, ki kai shi wurin likita ko ƙwararren mai ba da shawara ba tare da jinkiri ba.

Akwai kuma tambayar da nake zaton ba a taɓa yi masa ba, domin ɗan shekara bakwai ba ya zaɓar sana'a, kai shi ake yi. Ki samu lokacin da ku biyu ne kawai, ki tambaye shi: wasan kake kewa, ko sanin da mutane suke yi maka? Kada ki nemi amsa a ranar. In ya ce wasan ne, ki ce to ga aji, ga rawa mai layi biyu, a ga ko zai jure wata shida. In ya jure, ɗan wasa ne, kuma zuwa shekara goma sha takwas ko ashirin, lokacin da jikinsa ya zauna kuma dokar awanni ta sake shi, shi ne zai zama ɗan ashirin ɗin nan da furodusa ke nema, ga kuma sabo da kyamara na shekara shida da sa'o'insa ba su da shi. In kuwa ya ce ya gaji, ki karɓa da hannu biyu, kada ya ga alamar takaici a fuskarki. Shirley Temple da ta bar fim tana da shekara 22, ita ce ta zama jakadiyar Amurka a Ghana daga 1974 zuwa 1976.

In ya yarda, ki ɗauke shi a waya yana karanta shafi ɗaya tare da wani babba, ba ado ba shiri, ku kai wa malamin da zai horar da shi. Malamin ya lura da inda idonsa yake zuwa idan ɗayan yana magana. Daga nan za a fara aikin.